Karatun kula da raunin 'yan wasa a Amurka: wace jami'a, kuma me suke nema?

Ƙanin Zaure: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawararku nake nema. Na kammala digirin farko a ilimin motsa jiki da lafiya, ba a Amurka na yi ba. Burina in zama cikin ma'aikatan lafiyar nan da ke rugawa fili idan ɗan wasa ya faɗi, su ne kuma ke ɗawainiya da shi har ya warke ya koma wasa, waɗanda a Amurka ake kira athletic trainers. Can nake son yin karatun. Jami'o'i ga su nan barkatai a intanet, kowace tana yabon kanta. Ta ina zan fara, kuma me za su nema a wurina?

Anti Mai Filin Wasa: Wa alaikumus salam ƙanena. Aikina ke nan, a wata makarantar sakandare a nan Amurka. Kafin ka duba kyawun gini ko sunan ƙungiyar ƙwallon jami'a, ka shiga shafin hukumar CAATE. Ita ce ke tantance shirye-shiryen wannan karatu. Duk shirin da babu shi a jerinta, ka wuce shi ko da kyauta ne, domin in ba a shirin da ta tantance ka gama ba, hukumar BOC, mai ba da shaidar ƙwarewa a sana'ar, ba za ta bar ka ka zauna jarrabawarta ba. Jarrabawar BOC kuwa ita ce ke ba ka haruffan ATC, alamar ƙwararren da aka tabbatar, a bayan sunanka, da ita kusan dukkan jihohi ke ba da lasisi.

Abu na biyu, yanzu digiri na biyu ne ƙofar shiga. A da ana yi da digirin farko, amma bayan zangon kaka na 2022 an hana shirye-shiryen digirin farko ɗaukar sababbin ɗalibai. Don haka in ka ci karo da tsohon rubutu da ke cewa shekara huɗu ta isa, ya tsufa. Abin da za ka nema shi ne MSAT ko MAT, wato digiri na biyu na wannan sana'ar, shekara biyu ne. Kai da kake da digirin farko a hannu, ka riga ka ci rabin hanya.

Ƙanin Zaure: Na gode Anti. Na ga wani shiri na kimiyyar wasanni, shekara ɗaya, duk ta intanet, kuma da sauƙin kuɗi. Shi ma zai kai ni?

Anti Mai Filin Wasa: Ba zai kai ka ba. Wannan na masu horar da ƙarfi da juriya ne, ko masu koyarwa a gidan motsa jiki. Aiki ne mai kyau, amma ba namu ba ne. Mu ma'aikatan lafiya ne, ƙarƙashin kulawar likita muke aiki, tun 1990 ƙungiyar likitocin Amurka ta amince da sana'ar a matsayin reshen kiwon lafiya. Ka tuna faɗuwar Damar Hamlin, ɗan ƙwallon Amurka na ƙungiyar Buffalo Bills, ranar 2 ga Janairun 2023, a wasansu da Cincinnati Bengals, lokacin da zuciyarsa ta tsaya? Wanda ya fara danna masa ƙirji a cikin fili, Denny Kellington, ɗan sana'armu ne. Wannan ba a kwamfuta kaɗai ake koyonsa ba.

Hajiya Malama: Bari in shigo a kan sharuɗɗan shiga, tunda ina cikin masu duba takardun masu nema a sashenmu. Darussa shida CAATE ta wajabta wa kowane shiri ya tabbatar ɗalibi ya yi a matakin jami'a kafin ya shigo: ilimin halittu, kemistiri, fizis, ilimin halayyar ɗan Adam, ilimin sassan jiki, da ilimin yadda jiki ke aiki. Wannan shi ne mafi ƙaranci. Kowace jami'a tana iya ƙara nata, kuma suna ƙarawa: ƙididdiga, ilimin abinci mai gina jiki, ilimin motsin gaɓoɓi, yadda jiki ke amsa atisaye, wani lokaci har da kalmomin aikin likita.

Inda masu digirin motsa jiki suka fi faɗuwa shi ne kemistiri da fizis. Za ka ga yaro ya yi darasin wasanni iri-iri, makinsa ya yi kyau, amma babu fizis ko guda a takardarsa. Wani kuma ya yi ilimin sassan jiki amma ba tare da ɗakin gwaji ba, alhali shirin ya ce sai da shi. Tun ran gini ran zane: ka ɗauko takardar sakamakonka yau, ka buɗe shafukan shirye-shirye huɗu ko biyar, ka jera darasi da darasi. Abin da ya ɓace, ka rubuta wa daraktan shirin ka tambaye shi ko zai karɓi darasin da aka yi ta intanet daga kwalejin da aka amince da ita. Da yawa suna karɓa, wasu ba sa karɓa in na ɗakin gwaji ne. Ka sami amsar a rubuce kafin ka biya ko sisi.

Maki kuwa, yawanci 3.0 a ma'aunin 4.0 suke so, kuma sukan ce kada wani darasin sharaɗi ya gaza C. Tunda a waje ka yi karatu, sai kamfanin auna takardu irin WES ya mayar da sakamakonka zuwa ma'aunin Amurka. Ka nemi aunawar darasi-darasi, ba ta jimla ba. Ta jimlar ba ta nuna mana ko ka yi kemistiri. Sai wasiƙun shaida biyu ko uku, da rubutu a kan dalilinka na son sana'ar, da ganawa ta bidiyo. GRE kam, jarrabawar neman shiga digiri na biyu, shirye-shirye da yawa sun daina nema. Yawancinsu ta manhajar ATCAS ake nema, fom ɗaya ya isa jami'o'i da dama, amma kowace da kuɗinta.

Ƙanin Zaure: Hajiya Allah ya saka da alheri. Lallai babu fizis a tawa. To maganar awannin kallon aiki fa? Na ga ana cewa sai ka bi wani mai ATC ka ga yadda yake aiki. Inda nake babu mai wannan shaida.

Hajiya Malama: Wannan matsala ce ta gaske ga 'yan waje. Awa 50 aka fi nema, wasu ƙasa da haka, wasu sama, wasu kuma sun mayar da shi abin so ba dole ba. Kada ka yi shiru ka ɗauka an rufe maka ƙofa. Ka rubuta ka ce ga halin da kake ciki, ga likitan ƙashi ko likitan gashi (fisiyo) na ƙungiyar wasa da za ka iya bi, za su karɓa? Kuma ko sun yafe maka, ka je ka yi kallon. A ganawa muna gane wanda ya taɓa tsayawa bakin fili cikin rana da wanda talabijin kawai ya gani.

Kawu Mai Lissafi: Ni ba zan yi muku daɗin baki ba. Kowa yana maganar yadda za a shiga, ba wanda ya ce nawa za a kashe kuma nawa za a samu. Alƙaluman ofishin ƙididdigar ƙwadago na Amurka na watan Mayun 2023 sun nuna albashin tsaka-tsaki na wannan aiki kusan dala dubu 58 ne a shekara. Ga digiri na biyu wannan ba wani abin a-zo-a-gani ba ne, kuma sabon shiga ƙasa da haka zai fara. A da, mutum kan gama digirin farko, ya ci BOC, sannan jami'a ta ɗauke shi mataimaki ta biya masa na biyun. Yanzu da digiri na biyun ya zama ƙofa, ɗalibi ba shi da shaidar da zai yi aiki da ita yana karatu, wannan hanyar ta ƙuntata ƙwarai. Ɗan waje kuma kuɗin ɗan waje zai biya a jami'ar jiha. Ƙanena, in kana da makin, me zai hana ka duba digirin DPT na likitan gashi? Shekara uku ne, amma albashin ya fi.

Anti Mai Filin Wasa: Kawu, lissafinka daidai ne, amma DPT ɗin ma shekara ɗaya ya ɗara, bashinsa kuma ya fi nauyi. Sannan aikin ba ɗaya ba ne. Likitan gashi yawanci a asibiti yake jiran wanda ya riga ya ji rauni. Ni ina wurin kafin raunin, ina wurin lokacin da ya faru, ni ke cewa yaron nan da ya bugu a kai ba zai koma fili yau ba ko koci zai haɗiye harshensa don fushi. Wanda wannan ne ke ransa, asibiti ba zai gamsar da shi ba. Kuma ba ƙungiyoyin wasa kaɗai ke ɗaukarmu ba. Akwai ofisoshin likitocin ƙashi, masana'antu da manyan ɗakunan ajiyar kaya, sojoji, har ƙungiyoyin rawa. Waɗannan sun fi daidaiton lokacin aiki. Abin da zan yarda da kai a kai shi ne, kada ya ci bashi mai yawa don sunan jami'a. Shirin ƙaramar jami'a da CAATE ta tantance, jarrabawar BOC ɗaya za su zauna da na babbar.

Kawu Mai Lissafi: To a nan mun haɗu. Ya kuma duba tallafin gidauniyar NATA, ƙungiyar masu wannan sana'a ta Amurka, ko da yake sai ya zama mamba ya kuma fara karatun. Ba zai biya masa makaranta ba, rage zafi ne kawai.

Baban 'Yan Biyu: Ku gafarce ni in shigo da tawa. Mu a nan Amurka muke, 'yata tana ajin ƙarshe na sakandare, wannan aikin take so. Wata jami'a ta nuna mana tsarin 3+2. Yana da kyau?

Hajiya Malama: Alhaji, tsarin shi ne shekara uku na digirin farko, biyu na na biyu, ta fita da duka biyun a shekara biyar maimakon shida. An rage kuɗin shekara guda, ba ƙaramin abu ba ne. Amma ka tambaye su abu biyu. Na ɗaya, shiga kashi na biyu tabbas ne in ta riƙe wani maki, ko sai ta sake nema ta yi gogayya da 'yan waje? Na biyu, tallafin karatun da za a ba ta na digirin farko zai bi ta shekara ta huɗu, ko daga nan za a fara cajin ta kuɗin digiri na biyu? Nan ne iyaye ke shan mamaki. Sannan in ta kai shekara ta uku ta canza ra'ayi, ka tabbatar za ta iya ƙarasa digirin farkon ba tare da asarar darussa ba. Yarinya 'yar 17 tana da damar canza ra'ayi.

Anti Mai Filin Wasa: Kuma Alhaji, in makarantarsu tana da mai ATC, ta je ta gaishe shi gobe ta ce tana son taimaka masa bayan tashi. Sai dai ta sani wasu shirye-shiryen ba sa ƙirga awannin da suka daɗe, za ta sake yi a jami'a.

Ga ku duka biyun, yadda nake auna shiri. Dole kowane shiri ya wallafa yawan ɗalibansa da suka ci BOC a zaman farko, kuma CAATE tana son jimlar shekara uku kada ta gaza kashi 70 cikin ɗari. Ku duba wannan, ku duba kuma mutum nawa suka shiga, nawa suka gama. Sannan ku tambayi wuraren aikin gwaji. Ƙa'ida ta ce sai an yi aƙalla mako huɗu a jere na aiki cikakke ba shiga aji, amma shirye-shirye masu kyau suna ba da zango guda. Ku tambaya ko ɗalibi zai iya zaɓar wurin da kansa, kuma wa zai biya masauki. In zafin rana da suman 'yan wasa ne ke jan hankalinku, Jami'ar Connecticut ce ke da cibiyar Korey Stringer, wadda aka sa wa sunan ɗan wasan Minnesota Vikings da zafi ya kashe a sansanin atisaye a 2001. In buguwar kai ce, Pittsburgh ta yi suna a wannan. Amma ku sake duba jerin CAATE a shekarar da za ku nema, domin tun da aka koma digiri na biyu shirye-shirye da dama sun rufe ko sun daina ɗaukar ɗalibai.

Yaya na Kanada: Ƙanin Zaure, kada ka manta akwai wata hanya. A nan Kanada ƙungiyar masu sana'ar, CATA, ce ke tantancewa, kuma akwai shirye-shirye a matakin digirin farko ko takardar ƙari, kamar a York da Concordia da Kwalejin Sheridan. Ireland ma tana da nata a Jami'ar Birnin Dublin. Akwai yarjejeniya tsakanin BOC da takwarorinta na Kanada da Ireland da Birtaniya, wanda ya sami shaidar ɗaya zai iya neman zama jarrabawar ɗaya bayan an auna takardunsa. Ba kai tsaye ake ba da shaidar ba, jarrabawar dai sai ka rubuta.

Ƙanin Zaure: Yaya ban san da wannan ba, zan bincika. Tambaya ta ƙarshe: in na sami gurbi a Amurka, me ya rage, kuma yaushe ya kamata in tura takardu?

Hajiya Malama: Sai sakamakon jarrabawar Turanci, TOEFL ko IELTS, in sun nema, da shaidar kuɗin shekara guda kafin su ba ka takardar I-20 da za ka nemi bizar ɗalibi ta F-1 da ita. Kafin ka taɓa majiyyaci za su nemi katin rigakafi, gwajin tarin fuka, binciken ko kana da laifi a baya, da shaidar iya farfaɗo da zuciya da amfani da na'urar AED mai daidaita bugun zuciya da lantarki, shaida irin ta ma'aikatan lafiya. Ka tambayi ofishin ɗaliban waje ko aikin gwaji a wajen harabar jami'a yana buƙatar izinin CPT na aiki yayin karatu, kuma ka sani bayan gamawa izinin aiki na OPT wata 12 ne. Ka tambayi batun mota ma, wuraren gwajin ba duka ke kan hanyar bas ba.

Anti Mai Filin Wasa: Lokaci kuwa, kada ka lissafa da Satumba. Shirye-shirye da yawa a Mayu ko Yuni suke farawa, don ɗalibi ya koyi ɗaure gaɓa da agajin gaggawa kafin atisayen share fage na ƙwallon Amurka a Agusta. Kuma da yawa suna cike gurbi ne yayin da takardu ke shigowa, ba sa jiran ranar rufewa. Ka yi rajistar fizis ɗin a wannan zangon, ka tura wa WES takardunka yanzu tunda sai jami'arka ta aika musu da kanta, ATCAS kuwa ka cike shi kafin ƙarshen shekara. Jarrabawar BOC tambaya 175 ce a awa huɗu, kuma ana iya zama a zangon ƙarshe na karatu, amma wannan maganar sai ka shigo.