Me za mu kira "die variety" da Hausa?

Malam Habu: Salamu alaikum. Ina fassara wani bayani kan masu tara tsofaffin sulallan azurfa na Amurka, waɗanda aka buga a Filadalfiya daga 1794 zuwa 1836, sai na cije a kan abin da suke kira die variety. "Kuskuren bugu" ne ya fara zo mini. Me kuka gani?

Injiniya Sa'adu: Wa alaikumus salam, Malam. Kuskuren bugu wani abu ne daban. Shi sulai, faifan azurfa ake sa wa tsakanin ƙarafa biyu masu zane, su ne ake kira die, ɗaya sama ɗaya ƙasa, ƙarti su murɗa injin matsi na hannu, zanen ya fito. In faifan ya goce, zanen ya fita a karkace, wannan ne kuskuren bugu, kuma a kan sulai ɗaya yake tsayawa. Abin da kake tambaya kuwa a jikin ƙarfen yake. A wancan zamani taurari da haruffa da lambobin shekara ɗaya bayan ɗaya ake dasa su da guduma. Hannun ma'aikaci na kucewa, shi ke nan, duk sulan da ƙarfen ya buga sai ya ɗauko abin. Ƙarfe mai kyau kuma yana da wuyar samu, ba a yar da shi don an yi kure, sai dai a yi kwaskwarima. Dubi dalar 1799: taurari 13 ya kamata a sa a bayanta, mai zanen ya dasa 15. Da ya farga sai ya faɗaɗa gajimaren da ke sama ya rufe biyu, amma tsininsu na nan yana leƙowa ta ƙarƙashi. Akwai kuma rabin dalar 1807 da aka fara dasa wa 2 a wurin 5 a lambar darajarta, ana iya hango 20 a ƙarƙashin 50.

Hajiya Binta: To sai mu fara da ƙarfen kansa. Mazubi?

Injiniya Sa'adu: A'a, Hajiya. Mazubi na narkakken ƙarfe ne, irin na masu tukwanen dalma. Nan ba a narka komai lokacin bugu.

Hajiya Binta: Tambari kuwa kamfanoni sun kwashe shi, kana faɗa mutum zai tuno alamar kwalbar lemo. Ni hatimi na zaɓa. Baƙin ƙarfe ne mai zane a juye, a danna shi ya bar alama, kowa ya sani.

Malam Habu: Hatimi ya zauna. Sai mu ce "tabon hatimi"?

Malam Isufu, Damagaram: Gafarta Malam, tabo na rage daraja, wannan kuwa ƙarawa yake. Rabin dalar 1817 da aka dasa wa 7 a kan 4 a lambar shekararta, guda 11 kacal aka sani, masu tarawa na rububinta. Sannan ba kowanne ne kure ba. Wani sa'in tazarar tauraro da harafi ce kawai ta bambanta hatimi da ɗan'uwansa. Ni "tsagar hatimi" zan ce, daga tsagar gado: ka dubi kunci ka san gidan da mutum ya fito. Abin da mai tarawa ke yi da madubinsa ke nan, yana neman wane hatimi ne ya haifi sulan. Kuma don Allah a riƙa cewa dalar Amurka. Mu nan dala tamma biyar ce.

Hajiya Binta: Tsagar ta burge ni, amma akwai rikici. Hatimin kansa yana tsagewa in ya tsufa, azurfa ta shiga cikin tsagin ta fito kamar zare a kan sulai. Akwai rabin dalar 1807 da zaren ya taso daga haɓar matar da aka zana a jikinta zuwa ƙirji har ake mata laƙabi da mai gemu. Me za mu kira wannan, in mun ba da tsaga?

Malam Isufu, Damagaram: Darewar hatimi, Hajiya. Darewa ɗaya ce daga cikin tsagogin, kamar yadda karyewar abin dasa harafi ta sa LIBERTY ya koma kamar LIBEKTY a kan ƙaramin sulan 1800.

Injiniya Sa'adu: Na bi. Lamba kan lamba kuma, irin 7 a kan 4, "shekara mai goyo" nake so, ko da yake na san wasu za su ce wasa ya yi yawa.

Malam Habu: Ni dai na ɗauka, Injiniya, don mai karatu zai gane ba sai an yi masa dogon bayani ba. Na rubuta hatimi, tsagar hatimi, darewar hatimi, shekara mai goyo, kuskuren bugu kuma na bar shi inda yake. Saura ɗaya. Lambobin da Al Overton, wani masanin tsofaffin sulalla, ya jera wa rabin dala a 1967 ba na hatimi guda ba ne, na haɗin hatimin gaba da na baya ne, don hatimi ɗaya yakan yi aiki da abokai biyu ko uku kafin ya mutu. Su masu abin aure suke ce wa wannan haɗin. Mu bar shi "auren hatimi", ko akwai mai ja?