Yadda za a koyar da iyakokin ƙasashe masu sarƙaƙiya

Wasu malaman labarin ƙasa a Zariya sun tattauna kan yadda za a fahimtar da ɗalibai iyakokin da ke nannaɗe da juna. Yawancinsu sun ce a fara da Lesotho, wadda Afirka ta Kudu ta kewaye ta ko'ina. Daga nan sai Madha, yankin Oman da ke tsakiyar Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, wanda shi ma akwai ƙauyen Nahwa na Daular a cikinsa.

Inda aka fi daɗewa shi ne kan Jungholz, ƙauyen Ostiriya da ƙasar Jamus ta rungume. Abin da ya haɗa shi da sauran Ostiriya ɗigo ɗaya ne tak a ƙolin dutsen Sorgschrofen, wato a nan iyakar ta taɓa kanta. Mai mota kuwa dole ya bi ta Jamus. Wata malama ta ce a shimfiɗa igiya a filin makaranta, a yi mata siffar lamba 8, yara su tsaya ciki su ga mahaɗar da idonsu. A ganina wannan ta fi zanen allo nesa ba kusa ba.

An kuma yi gargaɗi kan tsofaffin taswirori, domin Indiya da Bangaladash sun yi musayar yankuna 162 da ke kewaye cikin ƙasar juna a 2015. Haka nan kada a ce ƙasashe huɗu sun haɗu a ɗigo ɗaya a Kazungula, wani wuri a bakin kogin Zambezi inda iyakokin Botswana, Zambiya, Namibiya da Zimbabwe suka kusanci juna. Botswana da Zambiya suna da 'yar gajeruwar iyaka tsakaninsu, kuma ta nan gadar da aka buɗe a 2021 ta bi.