Me za mu kira "muhafiz" da Hausa?

Daga Makka:
Assalamu alaikum, malamai da 'yan uwa. Masu fassara mana sharhin jaridun Larabci a nan Shara Mansur sun rabu a kan kalmar "muhafiz", wadda ake kiran mai sharhin da yake ɗari-ɗari da sauyi, irin waɗanda ba su ji daɗi ba lokacin da aka janye wa Hai'a, wato hukumar Hisbah ta Saudiyya, ikon kama mutane a 2016, sannan aka buɗe gidajen sinima, aka kuma bai wa mata izinin tuƙi a 2018. Aron kalmar yadda take ba zai yi ba, domin a ƙasar nan shugaban gundumar Jidda ma sunan muƙaminsa muhafiz ne. Gidajen rediyo sukan ce "masu ra'ayin mazan jiya", amma mazan jiya a bakinmu jarumai ne da ake yi wa kirari, kuma da zarar an laƙaba wa ɗan siyasa mai rai sai maganar ta koma ba'a. Shawarata ita ce "masu riƙon gado".

Daga Jidda:
Malam, Allah ya ƙara basira, sai dai bokonmu ba ya bambanta gadon da aka gada da gadon sarauta, saboda haka mai karatu zai ɗauka ana nufin wanda ya riƙe karaga kafin a naɗa sabon sarki. Bayan haka, Margaret Thatcher, wadda ta mulki Birtaniya daga 1979 zuwa 1990 a ƙarƙashin jam'iyyar Conservative, wadda Larabawa suke kira jam'iyyar muhafizai, ta sayar da kamfanonin gwamnati, ta kuma karya lagon ƙungiyoyin ƙwadago, kuma da wuya a ce gado ta riƙe.

Daga Madina:
Alhaji ya yi gaskiya. Ni ina ganin mu tsaya a kan "masu ra'ayin riƙau", wanda kunne ya riga ya saba da shi, kuma ƙirarsa ta gida ce, irin ta mantau da gagarau. Akwai ɗan ƙamshin taurin kai a cikinsa, amma bai kai zagi ba. Abin da ya fi damuna shi ne masu haɗa shi da "tsattsauran ra'ayi", alhali wannan fassarar "mutashaddid" ce. Ga misalin bambancin: 'yan jam'iyyar Republican ta Amurka da suka yi murna da hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 2022 a kan zubar da ciki sun shafe kusan shekara 50 suna bin akwatin zaɓe da naɗin alƙalai kafin su kai ga haka.

Daga Makka:
Na janye "riƙon gado", Hajiya. Za mu riƙa rubuta "mai ra'ayin riƙau" ga mutum ɗaya, da "sharhin masu ra'ayin riƙau" ga rubutunsu. Saura "libirali", wanda har yanzu wasu suke fassarawa da "mai sassaucin ra'ayi".