CRP ɗina ya hau, kuma yayana kansar hanji ce ta kashe shi

Baban Khalifa:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin asibiti, don kwana uku ke nan barcina rabi da rabi ne.

Shekarata 46, malamin sakandare ne ni a Zariya. Satin da ya wuce uwargida ta matsa na je a duba hawan jinina, likita ya haɗa min da gwaje-gwaje, ciki har da wani da ake kira CRP. Sakamako ya fito 7.4, an zagaye shi da jan biro, a gefe kuma an buga cewa bai kamata ya wuce 5 ba. Ranar layi ya yi wa likitan yawa, ya dai leƙa takardar ya ce ɗan kumburi ne a jiki, ya sabunta min maganina, na fito.

Bayan sallar isha'i na ɗauko waya, to a nan na jawo wa kaina. Na ci karo da bayanin cewa an yi bincike a Amurka, an ga masu yawan CRP a jini sun fi kamuwa da kansar babban hanji. Ni kuwa yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ce ajalinsa shekara biyu da suka wuce. Yana da 51 aka gano ta. Kafin nan ya fi shekara yana maganin basir. Har yau ina ganin robobin nan na jiƙe-jiƙe jere a ƙarƙashin gadonsa, da bel ɗinsa da ya yi ta huda wa sabbin ƙofofi da ƙusa saboda rama. Da aka kai ga asibiti abin ya riga ya kama hanta.

Ni dai ban ga jini a bayan gida ba, cikina ma lafiya. Amma wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Wannan 7.4 ɗin farkon abin ne?

Sani Lab:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan yaya. Malam, wannan gwajin kullum sai na yi shi a wurin aiki, kuma 7.4 ba lambar da za ta hana mutum barci ba ce. CRP wani furotin ne da hanta ke zubawa a jini duk lokacin da jiki ke faɗa da wani abu. Ba ya faɗin mene ne abin, ba ya faɗin inda yake. Maleriya tana ɗaga shi, taifot ma, da mura, da maruru, da ruɓaɓɓen haƙori, da sanyin ƙashi. Mai ciwon huhu mai tsanani nasa kan haura 100. Asali ma a jinin masu ciwon huhu aka fara gano shi, a 1930. Yana hawa cikin awoyi, ciwo na lafawa kuma ya sauko cikin 'yan kwanaki. Ƙiba da shan taba su kuma suna riƙe shi a ɗan sama kullum, ko mutum lafiyarsa lau.

Tambaya biyu: ka yi zazzaɓi ko wani ciwo kafin a ɗebi jinin? Kuma, ka yi haƙuri, akwai teɓa?

Baban Khalifa:

Malam Sani ka kama ni. Teɓa kam akwai, kilo 94 ne, yara a makaranta ma sun sa min suna a ɓoye. Kuma akwai wani matauni na hagu da ya yi rami, wata biyu ina lallaɓa shi da kanumfari, har dasashin ya kumbura a satin da na yi gwajin. Taba dai ba na sha.

Ɗan Gidan Liman:

Malam ka lazimci zogale da man habbatussauda da safe. Sannan na ji an ce asfirin ƙwaya ɗaya kullum yana kashe kumburi, yana hana wannan kansar. Allah ya sawwaƙe.

Dakta H.:

Ɗan Gidan Liman, zogale a ci a kwaɗo babu laifi, amma asfirin a dakata. Gaskiya ne an ga amfaninsa ga masu wani gado na musamman da ake kira Lynch, su ma likita ne ke ɗora su. Mutum mai hawan jini ya kama sha da kansa, yana iya jawo zubar jini a ciki, balle in da olsa.

Baban Khalifa, ina jin binciken da ka gani shi ne na jami'ar Johns Hopkins da ya fito a mujallar JAMA a 2004. An ɗebi jinin mutanen wata gunduma a jihar Maryland a 1989, aka adana, aka bi su fiye da shekara goma. Waɗanda daga baya suka kamu da kansar hanji, da aka koma kan tsohon jininsu, CRP ɗinsu ya fi na sauran. Shekara guda bayan nan wani bincike a kan mata kusan dubu 28, a Amurkan dai, bai ga hakan ba. Haka aka yi ta samu, wani ya gani wani bai gani ba, kuma in an haɗa su alaƙar 'yar kaɗan ce.

Ko ita 'yar kaɗan ɗin tana da fassara fiye da ɗaya. Mai yiwuwa ƙarin ya riga ya fara tsiro ba a sani ba, shi ya ɗaga CRP ɗin. Mai yiwuwa ƙiba da taba da zama wuri ɗaya ne ke ɗaga duka biyun. Masu bincike sun yi wata dabara don raba gardamar: akwai mutanen da suka gaji ƙwayoyin halitta da ke sa CRP ɗinsu ya ɗan fi na kowa tun haihuwa. Da shi ne ke haddasa kansar, da sun fi kowa kamuwa. Manyan binciken da suka duba haka ba su ga sun fi ba. Kumburin da aka tabbatar yana kai wa ga wannan kansar shi ne na cikin hanjin kansa, irin na masu gyambon babban hanji da ke shekara da shekaru suna gudawa da jini. Su ana fara leƙa musu hanji kamar shekara takwas da fara ciwon.

Don haka babu likitan da ke neman kansar hanji da CRP. Ka cire haƙorin ko a cike shi, bayan 'yan makonni ka maimaita gwajin.

Abin da ya tsaya min a rai a rubutunka shi ne yayanka. Wanda mahaifinsa, mahaifiyarsa ko ɗan uwansa na jini ya kamu, haɗarinsa ya kai kamar ninki biyu na sauran mutane. Ƙa'idar da ake bi ita ce a fara duba irin wannan mutum yana da shekara 40, ko shekara goma kafin shekarun da aka gano ta ɗan uwan, duk wanda ya riga zuwa. Ka ga kai ka ma wuce da shekara shida. Ko ba gado, a Amurka tun 2021 sun dawo da shekarun fara dubawa daga 50 zuwa 45. Kolonoskofi kake buƙata, wato a leƙa cikin babban hanji da siririyar roba mai kyamara, ko da CRP ɗinka ya fito 0.5. Galibin wannan kansar tana farawa ne da ɗan tsiro a bangon hanji, ya ɗauki wajen shekara goma kafin ya rikiɗe, kuma in an gan shi a wurin ake tsinke shi. Akwai gwajin bayan gida mai suna FIT da ke neman ɓoyayyen jini, ya fi sauƙin kuɗi, amma mai tarihi irin naka a tafi kai tsaye a leƙa. Sauran 'yan ɗakinku ma, maza da mata, ka gaya musu.

Maman Ilham:

Malam, ni an yi min kolonoskofin bara, saboda jinina da ke ta ƙarewa ba a san dalili ba. Abin da na fi tsoro kunya ce, na yi wata uku ina ɗaga ranar. Ashe wahalar duk a jajibere take. Ba abinci sai ruwa-ruwa, sannan a ba ka maganin wanke ciki mai ɗanɗanon gishiri-gishiri ka yi ta kwankwaɗa. Ka kwana kusa da banɗaki, ka cika buta biyu, shawarata ke nan. Shi aikin kansa allura suka yi min, na farka na tarar da ƙanwata tana riƙe da hijabina tana dariya, wai ina ta sambatu a kan kuɗin adashi. Sun cire tsiro biyu ƙanana, aka kai gwaji, aka ce ba su rikiɗe ba. Ka je da wanda zai mayar da kai gida, ba a tuƙi ranar.

Baban Khalifa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Dakta, wallahi babu wanda ya taɓa ce mana ciwon Yaya ya shafe mu, mun yi zaman makoki muka watse kowa ya kama gabansa. Mu shida ne suka rage a ɗakinmu, huɗu sun haura 40. Jiya na kira Yaya Babba a Funtuwa na karanta mata abin da kika rubuta, ta yi shiru, can ta ce ita ai ta daɗe tana ganin jini jefi-jefi, basir ne na haihuwa. Na ce mata ranar Litinin zan zo in ɗauke ta, tare za mu ga likitan. Haƙorin kuma gobe da safe za a cire, in kanumfari ya yarda ya sake ni.

Hajiya Maman Ilham, maganin wanke cikin nan a asibiti ake ba da shi ko saya ake yi a kemis? Kuma mai shan maganin hawan jini yana sha ranar ko ya dakata?