Neman shawara: ina so in sayi ƙaramin fulat a Abuja in sa ɗan haya

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ni mazaunin Birnin Kebbi ne, sana'ata noman shinkafa na rani da sayen shanshera. Cikin shekara huɗu Allah ya rufa asiri na tara wani abu, na haɗa da kasona na gadon mahaifinmu, ya kai naira miliyan 38. Kuɗin nan su ne duk abin da na mallaka bayan gona da gidan da muke ciki, kuma ina da 'ya'ya biyar. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 nake kallon kuɗin suna narkewa a banki, abin da zai saya min buhun taki goma bara, bana bai kai ba.

Wani dillali da abokina ya haɗa mu ya kawo min tallan fulat a Lugbe, hanyar filin jirgin Abuja. Ciki ɗaya da falo ne, da kicin da banɗaki, a hawa na biyu na wani bene mai fulat 12. Miliyan 35 ake nema, ya ce haya tana kai miliyan 2 da rabi a shekara. Ya turo min bidiyo ta WhatsApp, tayil sai ƙyalli, amma na lura da wani tabon ruwa a kusurwar silin ɗin banɗaki, da na tambaya ya ce fenti ne kawai. Yana matsa min in ba da kafin alƙalami cikin makon nan wai akwai mai so. Barci ya gagare ni. Don Allah waɗanda suka san harkar nan ku faɗa min gaskiya.

Wani lauya ɗan Argungu, mazaunin Abuja:

Wa alaikumus salam ƙanina. Kada ka tura ko kwabo tukuna. Fara fahimtar abin da za ka saya. Wanda ya sayi gida a unguwar Badariya ko Gesse can Birnin Kebbi ya sayi gini da ƙasar da ke ƙarƙashinsa. Kai kuwa ɗaki za ka saya a sama, akwai mutum ƙarƙashinka, akwai wani a kanka, ƙasar kuma takardarta guda ce, yawanci da sunan kamfanin da ya yi ginin. Saboda haka duk ƙarfin mallakarka yana rataye ne da wannan takarda da ba a hannunka take ba.

Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, a Abuja kuwa ministan babban birnin ne ke bayar da fili. Takardar da shugaban ƙaramar hukuma ko wani mai unguwa ya sa wa hannu ba ta isa ta kare ka ba, kuma yankin Lugbe ya sha ganin rusau saboda irin wannan. Ka ɗauki lauyanka na kanka, wanda kai za ka biya, kada ka yarda da na mai sayarwa ko da ya ce kyauta ne. Ya karɓi kwafin takardar shaidar mallaka ya je ofishin AGIS, inda ake ajiye bayanan filayen Abuja, ya yi bincike: sunan wa ke kan filin, an ba da shi don gidajen zama ne, kuma ba a jinginar da shi a banki ba? Wannan na ƙarshe shi ya fi cin mutane. Kamfani ya ci bashi da takardar, ya sayar da fulat-fulat, ya kasa biya, banki ya zo karɓar kayansa. Sannan a nuna maka amincewar hukuma kan zanen ginin, ka ƙirga hawa nawa aka amince, hawa nawa aka gina.

In duk ya yi daidai, a rubuta maka yarjejeniyar miƙa mallaka da ta ambaci lambar fulat ɗinka da haƙƙinka a matakala, rijiyar burtsatse da wurin ajiye mota, a yi mata rajista. Wasiƙar kamfani da rasit kaɗai ba mallaka ba ce. Zancen "akwai mai so" kuwa, kowane dillali haka yake cewa.

Wata Hajiya daga Gusau:

Ɗana, ni na taɓa, bari in ba ka nawa. Na sayi irinsa a Kubwa da kuɗin sallamar maigidana, Allah ya jiƙansa. Takardu lafiya lau, ba a cuce ni ba. Nisa ne ya wahalar da ni. Wata rana bayan isha'i 'yar hayata ta kira tana kuka, ruwan banɗakin na sama yana ɗiga kan katifarta, ta jera bokiti uku. Na sama ya ce shi ɗan haya ne, mai fulat ɗin yana ƙasar waje, masu kula da rukunin gidajen suka ce matsalar cikin gida ce, ba ruwansu. Ni na biya gyaran bututun da ba nawa ba, don kada silin ɗina ya rufto. Tabon nan da ka gani, kada ka bari a ce maka fenti ne. A hau sama a buɗe famfo a tsaya a gani.

Sai kuɗin hidima na shekara, na mai gadi, shara, man janareta da kwashe masai. In akwai ɗan haya shi ke biya, in ɗakin ya zauna babu kowa, kai za a bi. Nawa ya taɓa yin wata biyar a rufe. Ka tambayi nawa ne, wa ke yanke shi, kuma masu fulat nawa ne ba sa biya, domin in rabi suka ƙi, famfo ya tsaya wa kowa.

Wani ma'aikacin banki a Birnin Kebbi:

Malam, mu yi lissafi da alƙaluman da ka kawo. Miliyan 35, ka ɗora la'adar dillali, in kashi 5 ce miliyan 1 da dubu 750 ke nan, ga lauya, ga kuɗin rajista. Miliyan 38 ɗinka ta tafi gaba ɗaya, wataƙila ma ka ciko. Daga hayar miliyan 2 da rabi cire ladan wanda zai kula maka, cire gyara da fenti, da wuya ka riƙe fiye da miliyan 2. Wajen shekara 19 ke nan kafin uwar kuɗi ta dawo, ribar kashi 5 da 'yan kai a shekara, alhali hauhawar farashi ta haura kashi 34 a Disambar 2024. Abin da ya fi damuna shi ne da me za ka sayi taki da man ban ruwa in rani ya zo? Gida ba ya sayuwa ranar da kake so.

Wani ɗan kasuwa daga Jega:

Ni dai ban yarda a tsorata shi ba. Lissafin ga ya manta cewa gidan kansa yana ƙara daraja, hayar ma ba tsaye take ba. Abuja kullum cika take yi, ma'aikata da sababbin ma'aurata ciki da falo suke nema, kuma shekara guda ake biya gaba ɗaya. Wanda ya bar kuɗinsa a banki tun 2023 shi ya yi asara. In takarda ta yi kyau, Alhaji, saya abinka.

Wani dattijo, tsohon malamin makaranta a Kalgo:

Ɗana, me ya hana ka duba gida? Ga Jami'ar Tarayya nan gefenmu, ga kwalejin Waziri Umaru cikin gari, ɗalibai da ƙananan ma'aikata na neman ɗaki mai banɗaki a ciki. Da rabin kuɗin nan ka sayi fili ka fara ɗakuna kaɗan, ƙasar taka ce, in famfo ya lalace ka hau babur ka je. Ba zan ɓoye maka ba, hayar nan ba ta kai ta Abuja ba, kuma yajin aikin malaman jami'a na 2022 wata takwas ya ɗauka, ɗakuna suka zauna wayam. Amma ka tuna hanyar Abuja, Jega, Koko, Yawuri, Kontagora, wuni guda cur, ga halin da hanya ke ciki. In ɗan hayar shekara ya ƙi biya, notis ɗin wata shida doka ta ba shi, sannan na kwana bakwai, sannan kotu. Sau nawa za ka bar gona ka je zaman kotu?

Wani almajirin ilimi daga Gwandu:

Ƙarin bayani kaɗan, yaya. Gidan da aka saya don haya ba a fitar da zakka a kan ƙimarsa, sai a kan kuɗin hayar in sun kai nisabi shekara ta zagayo. Kuma in kuɗi suka gaza kada a ja ka zuwa bashi mai ruwa don cikawa.

Mai tambaya:

Allah ya saka da alheri, ya jiƙan magabata. Hajiya, maganar bokitin nan ta tsaya min a rai. Na kira dillalin ɗazu na ce ya turo kwafin takardar filin da amincewar zanen gini, ya ce sai ya tambayi kamfani. Na gaya masa babu kafin alƙalami sai lauyana ya dawo daga AGIS kuma na zo na hau benen da ƙafata. Baba, in sha Allahu ranar Asabar zan shigo Kalgo ka nuna min wajen da filaye suke. Barista, in binciken ya nuna filin da sunan kamfani yake amma ba su biya kuɗin ƙasa na shekara-shekara ba, wa zai ɗauki bashin, su ko masu fulat?