Fushi: a amayar da shi ko a bar shi ya huce?

Daren jiya a teburin mai shayi, bayan isha'i, maganar fushi ce ta cinye hirar. Wani mai adaidaita ya ce shi in ransa ya ɓaci sai ya zazzage wa mutum kwandon zagi, nan take zuciyarsa ta yi sanyi. Malamin makarantar da ke cikinmu ya ce ina! Ya kawo nazarin da Jami'ar Jihar Ohio a Amurka ta fitar a 2024, wanda ya tattara bincike 154, ya nuna ihu da dukan buhu ba sa kashe wutar, gudun motsa jiki ma yakan rura ta. Abin da ke kwantar da jiki, irin jan numfashi a hankali, shi ke aiki.

Wani dattijo ya ajiye kofinsa ya ce, “Yara, ai hadisi ya riga ku. In kana tsaye ka zauna, in bai tafi ba ka kwanta.”

An yarda kai kuka wurin amini ba laifi, muddin ba kullum za a riƙa tono labarin ba. Sai gargaɗi kan tura saƙon murya ta WhatsApp cikin zafin rai. Na taɓa yi wa yayana, sati biyu ina ba da haƙuri.