Neman kalmar Hausa: me za mu kira improvisation?

Jama'a, assalamu alaikum. Kwana uku ke nan kalma guda ta tsaya mini a maƙogwaro. An ba ni takardun horar da ma'aikata in mayar da su Hausa, darasi ne na shugabannin sassa a wata ƙungiya, kuma babi guda cur yana magana ne a kan abin da Bature ya kira improvisation. Abokin aikina ya rubuta "kame-kame" a gefen takarda da fensir, ya ce mu wuce wurin. Ni kuwa na kasa wucewa, domin na san in muka tsaya gaban ma'aikata talatin muka ce yau za mu koya muku kame-kame, mun rusa darasin tun ba a buɗe littafi ba.

Ga abin da kalmar take ɗauke da shi. Asalinta daga Latin ne, kuma ma'anarta ta farko ita ce abin da ba a hango ba. A wurin aiki ana nufin mutum yana cikin aiki, abin da aka tsara ya ƙi, ko wani abu ya ɓullo wanda babu shi a takardar umarni, sai ya haɗa tunani da aikatawa a lokaci guda, da abin da ke hannunsa, ba tare da ya koma ofis an sake zaman tsari ba. Kalmar da muke nema dole ta riƙe ƙwarewa, ta riƙe cewa ana cikin aikin ne, ta kuma nuna da abin da ya samu aka yi.

Bari in ba da labari guda, don kada mu yi ta jayayya a kan iska. Ranar 5 ga Agusta, 1949, aka hango gobarar daji a wani kwari da ake kira Mann Gulch a jihar Montana ta Amurka. Aka sauko da 'yan kwana-kwana 15 da lema daga jirgin sama, suka tarar da wani ma'aikacin daji guda a ƙasa, suka zama 16. Iska ta juya, wuta ta tsallako ta tare musu hanya, suka juya da gudu suna hawan tudu cikin busasshiyar ciyawa. Shugabansu, Wagner Dodge, ya ce kowa ya yar da kayan aikinsa. Da ya ga wutar za ta cim musu, sai ya tsaya ya ƙyasta ashana ya cinna wa ciyawar da ke gabansa wuta, ya shiga inda ta ƙone ya kwanta cikin toka, yana kiran sauran su zo. Babu wanda ya bi shi. Wutar ta zo ta raba biyu ta wuce shi, domin ba ta sami abin ci a wurin ba. Mutum 13 suka rasu. Uku suka tsira, shi da wasu matasa biyu da suka sami tsaga a cikin duwatsun saman tudun suka bi.

Abin da Dodge ya yi babu shi a cikin horon da aka ba su. Amma wa zai ce kame-kame ya yi? Mutum ne da ya daɗe yana mu'amala da wuta har ya san halinta, shi ya sa a cikin daƙiƙu kaɗan ya ga abin da sauran ba su gani ba. Wani masanin tafiyar da ƙungiyoyi na Amurka, Karl Weick, ya yi dogon nazari a kan wannan gobara a 1993, kuma abin da ya fi damun sa shi ne yadda ayarin ya watse: dabarar tana gabansu, amma ba su saba da shugaban nasu ba, abin da ya yi kuma ya yi musu kama da hauka. Wannan ɓangaren ne ya fi taɓa ni, zan dawo kansa.

To, ku kawo kalmomi.

Na dawo bayan la'asar na tarar da amsoshi sun taru. Allah ya saka da alheri. Bari in bi su.

"Ƙirƙira" ce ta fi yawan masoya. Ba na ja da kyanta, amma mun riga mun ba ta aiki. Ita muke sawa a madadin creativity, kuma tana nan a babi na biyu na takardun da nake fassarawa. Ƙirƙira ba ta da agogo a kanta: mai zanen hula yana iya wata guda yana juya sabon zane a ransa, ya zana ya goge, ya kwana ya tashi. Abin da muke nema kuwa ba ya ba ka damar gogewa. 'Yan'uwan juna ne, amma ba abu guda ba ne.

Wata baiwar Allah ta ce "ƙire", daga ƙira. Hajiya, na ji daɗin kalmar don gajarta ce, sai dai na gwada ta a kunnen mutum biyu a gidanmu, kowanne "ƙiren ƙarya" ya fara faɗo masa. Haka "shaci-faɗi", wanda magana ce da babu tushe. "Wucin gadi" yana siffanta abin da aka samar ne, ba aikin samarwar ba. "Sha yanzu magani yanzu" ta kama saurin, amma mun saba jin ta a bakin masu talla da 'yan siyasa, ba ta nuna gwaninta.

Wani ɗan'uwa daga Maraɗi ya ce su a Nijar suna jin masu Faransanci na cewa débrouillardise ko sistem D, ya ce ai Hausarsa "buga-buga". Yallaɓai, ka yi gaskiya cewa waɗannan biyun sun yi kama, amma buga-buga hanyar neman abinci ce ta wanda ba shi da tsayayyen aiki. Ma'aikaciyar jinya da wuta ta ɗauke mata tana tsakiyar ɗinkin rauni, ta sa a haska mata da fitilar waya ta ƙarasa, ba buga-buga take yi ba.

Sai Malam, wanda ya kawo "irtijali" daga Larabci. Allah ya gafarta Malam, wannan ita ce ta fi kowace dacewa da ma'anar a fannin magana, domin da ita ake kiran huɗuba ko baitin da aka yi ba tare da an shirya ba, kuma tushenta guda da rijl, wato ƙafa, kamar a ce abin da mutum ya yi yana tsaye a kan ƙafafunsa. Da almajiran ilimi zan karantar, da na ɗauke ta ban waiwaya ba. Amma ajina akwai direbobi da masu kula da sito da masu haɗa waya, kuma in na ba su irtijali sai na sake fassara musu ita. Mun ɗauke baƙuwa mun ajiye wata baƙuwar ke nan. Duk da haka, Malam, maganar ƙafar nan taka ita ta buɗe mini hanya.

Akwai wanda ya ce duk wahalar banza muke yi, Bahaushe ya riga ya yanke hukunci da ya ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗan'uwa, a nan ne nake ganin ake yi wa kalmar mummunar fahimta. Wanda ya bar fafe gora sai ranar tafiya sakaci ya yi. Wanda muke magana a kansa ya fafe gorarsa tun jiya, ya cika ta da ruwa, sai ta fashe masa a tsakiyar daji.

Dubi kumbon Apollo 13. An harba shi ranar 11 ga Afrilu, 1970, da mutum uku, Jim Lovell da Jack Swigert da Fred Haise. Bayan kwana biyu tankin iskar shaƙa ya fashe, dole suka koma cikin ƙaramin kumbon sauka a wata, wanda aka ƙera don mutum biyu na ɗan gajeren lokaci. Gurɓatacciyar iskar da suke fitarwa ta fara taruwa. Suna da matatun iska a babban kumbon, amma masu kusurwa huɗu ne, ramin ƙaramin kumbon kuwa zagayayye ne. Injiniyoyin NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, a birnin Houston, ƙarƙashin Ed Smylie, suka tattaro irin kayan da suka san akwai a cikin kumbon, leda da kwali da salatif da tiyon rigar sama jannati, suka haɗa abin a ƙasa, suka karanta musu ta rediyo mataki-mataki. Ranar 17 ga Afrilu mutanen uku suka sauko da ransu. Babu hukumar da ta kai wannan fafe gora, amma ranar da abin ya zo, leda da salatif ne suka yi aiki, a hannun mutanen da suka san kowane ƙusa na kumbon.

Duk wanda ya taɓa kai injin da aka daina kawo kayan gyaransa Panteka a Kaduna ya ga ƙanin wannan aiki da idonsa.

Na kwana da maganar, ga inda na tsaya: dabarar fage.

"Dabara" ta ɗauki ƙwarewar. Ba a cewa wawa ya yi dabara, kuma kalma ce da ba ta da nauyi a bakin kowa, daga Sakkwato har Damagaram har Zangon Kumasi. Ita kaɗai dai ba ta isa ba, don akwai dabarar da ake kwana ana ƙullawa. Shi ya sa na ɗaura mata "fage". Fage shi ne inda shiri ya ƙare, yi ya fara: fagen dambe, fagen kokawa, fagen fama. Ɗan kokawar da ya je gasar takobi ta Nijar, wadda aka fara a Tawa a 1975, ya yi watanni yana atisaye, ya san kamun abokin karawarsa, amma da zarar an shiga fili aka kama shi ta inda bai zata ba, ba shi da damar fita ya tambayi mai horar da shi. Abin da ya yi a wannan ƙiftawar shi ne dabarar fage.

Wani abin da ya ƙara kwantar mini da hankali shi ne muna da "share fage" tun tuni, wato abin da ake yi kafin a fara. Sai kalmomin biyu suka zauna gefe da gefe, ɗaya kafin a shiga, ɗaya bayan an shiga, kuma na iya rubuta wa ɗalibaina cewa gwargwadon share fagenka gwargwadon dabarar fagenka, ba tare da na yi dogon bayani ba.

Na gwada ta a jimla don in ji ko za ta yi tafiya. "Janareta ya ƙi tashi ana saura minti goma a fara taro, sai da muka yi dabarar fage." "Wannan direba yana da dabarar fage." "Ba a rubuta musu komai ba, dabarar fage suka yi a gaban kyamara." Duka sun zauna. Turawan da ke nazarin wannan abu suna yawan buga misali da kiɗan jaz na baƙaƙen Amurka, inda karin yake tsaye amma kowane makaɗi yana saƙa nasa a kai. Mu ba sai mun je New Orleans, mahaifar jaz, ba. Makaɗin fada yana da gindin waƙarsa, 'yan amshi sun riƙe masa shi, kalangu ko kotso na tafiya, sai ya hango wani babban baƙo ya shigo wanda bai san zai zo ba, nan take ya ƙulla masa ɗa guda da kirarin gidansu ya mayar wa 'yan amshi ba tare da kiɗan ya karye ba. Shekarun da ya yi yana bin ubangidansa yana amshi su ne suka ba shi wannan.

Wani ya ce me ya hana "dabarar nan take". Ba laifi gare ta, kuma wanda ya yi amfani da ita ba zan gyara masa ba. Na fifita fage ne don "nan take" sauri kawai take nunawa, alhali injiniyoyin Houston sun yi sa'o'i suna haɗa ledarsu. Abin da ya mayar da aikin nasu dabarar fage shi ne kumbon yana sama, an riga an shiga, babu komawa baya a sake shiri.

Yanzu bari in koma kan mutanen Dodge da suka ƙi bin sa, don shi ne dalilin da ya sa na ƙi barin "kame-kame" a takardar. Na yi shekaru a wani wurin aiki inda duk wanda ya kauce wa rubutaccen tsari, ko da ya ceci aikin, takardar tuhuma ce ke jiran sa. Sakamakon haka mutane ba su daina yin dabara ba, ɓoye ta suka koma yi. Mai kula da sito ya gano hanyar da kaya ba sa lalacewa da damina, bai faɗa wa kowa ba har ya yi ritaya ya tafi da abinsa. Abin da sunansa ya zama abin kunya ba a kawo shi teburin taro, kuma abin da ba a kawo shi taro ba, ƙungiya ba ta koyon sa. A Amurka, bayan Mann Gulch da wasu gobarori irinta, hukumar gandun daji ta zauna ta bi diddigin abin da ya faru, ta fitar da ƙa'idoji goma na kashe gobarar daji a 1957, waɗanda ake koyarwa har yau.

Wannan ya kawo ni ga kalma ta biyu da ke jira na a babi na gaba, adult learning. Hannuna ya tafi kai tsaye ga "ilimin manya", sai na tsaya. A kunnenmu ilimin manya ajin yamma ne na koyon karatu da rubutu, gadon Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950, lokacin da hukumar adabi ta Jihar Arewa, NORLA, da aka kafa a Zariya a 1954 take buga ƙananan littattafai, da irin aikin hukumar ilimin manya ta jihar Kano da aka kafa a 1980. Aiki ne mai daraja, kakata ta wajen uwa a irin wannan aji ta koyi rubuta sunanta. Amma akanta mai shekara ashirin a bakin aiki, in ka ce masa ya zo ajin ilimin manya, zai ɗauka raina shi ka yi. Abin da Malcolm Knowles, masanin koyon manya na Amurka, da ire-irensa suka yi ta nanatawa tun wajejen 1970 shi ne babba yana shigowa aji da kayansa, gogewarsa ita ce littafin farko da za a buɗe. Don haka a yanzu na rubuta "koyon manya a bakin aiki", da fensir, sai na ji ta bakinku.

Ita kuwa dabarar fage na sa mata biro. Ranar Litinin zan buɗe darasin da roƙon kowa ya ba mu labarin wata dabarar fage da ya taɓa yi a wurin aiki wadda bai taɓa faɗa wa shugabansa ba, kuma na nemi shugabannin sassan su zauna a baya su saurara kawai. Malam, in ka sami sarari ka leƙo ajin, ina so ka ba su labarin irtijali da ƙafar nan da bakinka.